Miƙa jiki da matsin aikin jinya: me yake iya yi, me ya fi ƙarfinsa?

Shin minti goma na miƙa jiki zai iya rage wa ma'aikaciyar jinya nauyin da take kwasowa daga ɗakin marasa lafiya? Tambayar takan taso musamman idan 12 ga Mayu ta zagayo, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, lokacin da ake yawaita laccoci kan yadda ma'aikaci zai kula da kansa. Wasu na ganin miƙa jiki magani ne mai araha da ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Wasu kuwa, musamman waɗanda ke kwana a tsaye tsakanin gadaje, suna jin maganar kamar raini. A ganinsu an bar jaki ana dukan taiki: matsalar ƙarancin hannu ce da ƙarancin albashi, ba taurin tsoka ba. Ko a yajin aikin gargaɗi da ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozoma ta Najeriya, NANNM, ta shiga a ƙarshen Yulin 2025, abin da aka nema shi ne alawus na aikin karɓa-karɓa, da na yunifom, da ɗaukar ƙarin ma'aikata.

Kowane ɓangare yana riƙe da wani yanki na gaskiya. Matsalar ita ce ana cakuɗa abubuwa daban-daban a ƙarƙashin kalma ɗaya, sai a ɗora wa miƙa jiki aikin da ba nasa ba, ko kuma a watsar da shi gaba ɗaya alhali yana da amfani na zahiri.

Gajiya daban, matsin aiki daban, sarewa daban

Gajiya ita ce wadda barci da abinci da kwana ɗaya na hutu ke gogewa. Kowane mai aiki ya san ta.

Matsin aiki ya wuce nan. Shi ne halin da jiki da zuciya ke shiga idan abin da ake buƙata daga mutum ya fi ƙarfin abin da ke hannunsa: lokaci, kayan aiki, abokan aiki, da ikon yanke shawara. A 1979 masanin halayyar aiki Robert Karasek ya nuna cewa ba yawan aiki kaɗai ke cutarwa ba. Abin da ya fi cutarwa shi ne aiki mai yawa a hannun wanda ba shi da ta cewa kan yadda za a yi shi. Wannan hoton aikin jinya ne sak. Nas ba ita ke zaɓar adadin marasa lafiyar da za a kwantar ba, ba ita ke tsara jadawalin duti ba, ba ita ke sayo safar hannu ko iskar oksijin ba, amma ita ce a gaban gado idan abu ya ɓaci, ita ce kuma 'yan jinya ke fara fuskanta da fushinsu. Daga baya Johannes Siegrist, wani masani a Jamus, ya ƙara wani ma'auni: idan wahalar da mutum ke sha ta yi nisa da sakamakon da yake samu, na kuɗi ne ko girmamawa ko ƙarin girma, lafiyarsa takan taɓu.

Mataki na uku shi ne sarewa, inda matsin ya daɗe ba a magance shi ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana shi a kundinta na rarrabe cututtuka a matsayin lamarin da ke tasowa daga wurin aiki, ba cuta ba, ta kuma ba shi alamomi uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya daina damuwa da shi, da jin cewa ba ya tsinana komai. Nas ɗin da ta fara amsa wa majinyaci a taƙaice, ko ta daina jin komai idan an yi rasuwa a gabanta, ba lallai mugun hali ba ne. Sau da yawa alama ta biyu ce ta wannan mataki.

Miƙa jiki yana da tasiri mai kyau a kan na farko, yana taɓa wani sashe na na biyu, ƙarfinsa a kan na uku kuwa kaɗan ne ƙwarai.

Yadda damuwa ke sauka a wuya da ƙugu

Idan mutum ya shiga halin gaggawa, jiki yana sakin sinadaran adirenalin da kotisol. Zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya gajarce ya koma saman ƙirji, tsokoki su ɗaure cikin shiri. Wannan tsari an gina shi ne don haɗarin da ke wucewa cikin mintuna. A ɗakin haihuwa ko sashen agajin gaggawa kuwa, yakan kunnu ya mutu sau da dama a duti ɗaya, wani lokaci ma ba ya mutuwa sai an isa gida.

Tsokar da ta fi nuna wannan ita ce wadda ta taso daga ƙeya ta bazu kan kafaɗu. Gwaje-gwajen da ake auna aikin tsoka da na'ura sun nuna cewa damuwar tunani kaɗai, ba tare da ɗaukar komai ba, tana sa ta ɗaure kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Ɗaurin ba mai ƙarfi ba ne, amma rashin sakinsa ne illar. Daga nan ake samun ciwon kan da ke kama ƙeya da goshi kamar an ɗaura rawani mai tsauri, da nauyin kafaɗa, da taurin wuya da safe.

A kan wannan sai a ɗora nauyin aikin kansa. Sa allurar ƙarin ruwa a gadon da ba ya ɗagawa yana nufin sunkuyo na mintuna. Wankin rauni haka. Juya majinyacin da ya shanye, ɗaga shi daga gado zuwa keke, jawo shi sama idan ya zame, duk suna matsa faifan da ke tsakanin ƙasusuwan ƙugu. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sa iyakar abin da mutum zai ɗaga a yanayi mafi kyau a kan kilo 23, wato kaya mai mariƙi, kusa da jiki, ba murɗawa. Majinyaci kuwa ba shi da mariƙi, yana motsi, yana iya sakin jiki kwatsam. Saboda haka a 2007 wani masani na hukumar, Thomas Waters, ya ba da shawarar kada a wuce kilo 16 idan mutum ake ɗagawa. A yi lissafi: majinyaci mai kilo 70, ko mutum biyu suka raba shi daidai, kowa ya ɗauki kilo 35, fiye da ninkin iyakar. Ƙafarsa ɗaya kawai ta kai kimanin kilo 11.

Sai abin ya zama zagaye. Ciwon baya ya hana barci mai nauyi, rashin barci ya rage juriyar ciwo da haƙuri, gajeren haƙuri ya ƙara ɗaurin tsoka washegari. A nan ne miƙa jiki ke da ƙofar shiga, domin yana iya yanke zagayen a wuri ɗaya.

Abin da miƙa ke yi a zahiri

Mutane da yawa suna zaton miƙa tana tsawaita tsoka kamar roba. A makonnin farko ba haka abin yake ba. Mafi yawan sassaucin da ake samu yana zuwa ne daga jijiyoyin ji: suna sabawa da jan, sai su daina ƙararrawar ciwo da wuri, gaɓa ta samu damar buɗewa fiye da da. Wannan ya bayyana dalilin da sassaucin ke gushewa idan an bari na 'yan makonni.

Amfanin da ya shafi matsin aiki yana zuwa ta hanyoyi uku da ke tafiya tare. Miƙa tana katse tsayuwa ko sunkuyon da aka daɗe a ciki, tsokar da ta ɗaure ta saki, jini ya zagaya. Tana kuma tilasta numfashi a hankali, kuma fitar da numfashi mai tsawo yana kunna sashen jijiyoyin da ke kwantar da bugun zuciya. Na uku, wanda ake yawan rainawa, shi ne hutun kansa: minti biyu ko uku da hankali ya bar lissafin magani ya koma kan jiki. Wuya ne a raba wane kaso na sauƙin ya fito daga jan tsoka, wane ya fito daga numfashi da hutun, kuma ga mai aikin ba shi da muhimmanci a raba.

Binciken masana yana goyon bayan fata matsakaiciya. A 2023 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen lafiya ta tace su, ta duba gwaje-gwaje sama da ɗari da aka yi kan ma'aikatan lafiya. Ta gano cewa hanyoyin da ake koya wa ma'aikaci shi kaɗai, ciki har da motsa jiki da dabarun sassauta jiki, suna iya rage alamun matsi har zuwa shekara guda, sai dai ƙarfin hujjar bai kai a bugi ƙirji ba. Yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma mahalarta sun san abin da ake gwadawa a kansu, su ne kuma ke ba da rahoton yadda suke ji.

Tsarin ba sabo ba ne a duniya. Japan ta fara watsa motsa jikin safe ta rediyo tun 1928, har yau ana yin sa a masana'antu da ofisoshi. A Barazil kamfanoni da asibitoci da yawa suna ware mintuna a cikin lokacin aiki don motsa jiki na rukuni. Abin lura a duka biyun shi ne a cikin lokacin aiki ake yi, tare ake yi, ba a bar wa ma'aikaci ya nemo lokaci daga barcinsa ba.

Akwai kuma abin da miƙa ba ta yi. Ba ta hana tsamin jiki bayan aikin ƙarfi. An gwada wannan sau da yawa, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ba ta ƙara wa tsoka ƙarfin da zai ɗauki majinyaci. Ba ta rage ko giram ɗaya daga nauyin da ke sauka kan ƙashin baya idan an ɗaga mutum mai kilo 70. Wani babban nazari da aka buga a 2016 ya nuna cewa motsa jiki yana rage dawowar ciwon baya, amma ɗamarar ƙugu da ake sayarwa ba ta nuna wannan amfani ba, haka ma lacca ita kaɗai. Wanda ya ɗaura ɗamara ya ji ƙarfin gwiwar ɗaga abin da ya fi ƙarfinsa, ya ƙara wa kansa haɗari ne.

Yadda ake yi, da adadinsa

Ma'aunin da ƙwararrun motsa jiki suka fi amfani da shi shi ne a riƙe kowace miƙa daƙiƙa 10 zuwa 30, a maimaita sau 2 zuwa 4, har jimillar ta kai kusan daƙiƙa 60 ga kowace tsoka, aƙalla kwana 2 zuwa 3 a mako. Kullum ya fi. Wanda ya manyanta yakan fi amfana da riƙon daƙiƙa 30 zuwa 60. Iyakar ja ita ce inda aka ji tsokar ta miƙe da ɗan tauri. Zafi mai suka, ko tartsatsi kamar lantarki, ko dindiris, alama ce an wuce gona da iri ko kuma jijiya ake ja ba tsoka ba.

Ba a buƙatar agogo. A shaƙi iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a fitar a hankali ana ƙirga shida. Numfashi uku irin wannan daƙiƙa 30 ke nan. Duk miƙar da ke da ɓangare biyu, idan an yi ta sau biyu a kowane gefe, minti biyu take ci. Guda biyar minti goma.

Wuya shi ne wurin farawa. A zauna ko a tsaya a miƙe, a kai hannun dama bayan ƙugu ko a riƙe gefen kujera da shi don kafaɗar ta tsaya a ƙasa, sannan a karkatar da kai hagu kamar za a ɗora kunne kan kafaɗa. Za a ji jan a gefen wuya na dama. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗago kafaɗa ta tarbi kunne, sai jan ya ɓace, ko kuma a danna kai da hannu da ƙarfi. Nauyin kai kaɗai ya isa. Daga nan a juya hanci ya kalli hammatar hagu, jan zai koma bayan wuya zuwa saman allon kafaɗa, inda masu yawan rubutu a fayil suka fi kuka da shi. Kada a riƙa juya kai zagaye da sauri, musamman ta baya. Yana matse ƙananan gaɓoɓin wuya, yana kuma iya kawo jiri.

Ga wanda kansa ke leƙowa gaba saboda sunkuyo, a jawo haɓa baya a kwance, ba tare da sunkuyar da kai ko ɗaga shi ba, a riƙe daƙiƙa 5, a saki, sau 10.

Ƙirji yakan tsuke saboda hannuwa kullum suna gaba. A tsaya a bakin ƙofa, a jingina hannu daga gwiwar hannu zuwa tafi a jikin ƙyauren, gwiwar hannu daidai da tsayin kafaɗa, a ɗan taka gaba da ƙafa ɗaya har a ji gaban kafaɗa da ƙirji sun buɗe. Idan yatsu suka fara dindiris, a sauke gwiwar hannun ƙasa kaɗan.

Ƙugu yana buƙatar kishiyar abin da ya wuni yana yi. Bayan an daɗe a sunkuye kan gado, a miƙe, a buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, a dafa ƙugu da tafukan hannu biyu, a ɗan lanƙwasa baya a hankali, a tsaya daƙiƙa 2 ko 3, a dawo, sau 5 zuwa 10. Wannan ba ya cin minti ɗaya, kuma ya fi dacewa a yi shi nan take bayan sunkuyon, kafin a ɗaga wani abu. Mutane da yawa idan bayansu ya gaji sai su ƙara sunkuyawa su taɓa yatsun ƙafa, wato su ƙara wa faifan baya irin matsin da ya gajiyar da shi. Idan lanƙwasawa baya ta sa ciwo ya gangara ƙafa, a daina.

Bayan cinya ana miƙa shi ne da ɗora diddige kan abu mai gajarta, kamar matakalar hawa gado, gwiwa a miƙe amma ba a ƙage ba, baya a tsaye, a sunkuyo daga gaɓar ƙugu, ba daga tsakiyar baya ba. Ɗan sunkuyo kaɗan ya isa idan an yi daidai. Gaban ƙugu kuwa, a ja ƙafa ɗaya baya kamar babban taku, a matse ɗuwawun wannan gefen, a tura ƙugu gaba ba tare da banƙare baya ba.

Sharaɓa ita ke ɗaukar tsayuwar awanni. A dafa bango, ƙafa ɗaya a baya, diddige a ƙasa, yatsu na kallon gaba, a karkato har a ji jan. Sai a bi da ɗaga diddige biyu a sauke sau 15 zuwa 20. Wannan na biyun ba miƙa ba ce, amma ga mai kumburin ƙafa da yamma ya fi miƙar amfani, domin matsewar sharaɓa ce ke tura jini ya koma sama zuwa zuciya.

Duk waɗannan ana yin su a tsaye, cikin kayan aiki da hijabi, ba sai an kwanta ba. Wannan da gangan ne: daɓen ɗakin marasa lafiya ba wurin kwanciya ko dafa hannu ba ne. A cire safar hannu kafin a taɓa fuska ko wuya, a wanke hannu kafin da bayan dafa bango ko ƙyaure.

Lokacin yi shi ne inda shiri da yawa ke rushewa. Wanda ya ce zai yi idan ya samu sarari ba zai yi ba, domin sarari ba ya zuwa a ɗakin marasa lafiya. Abin da ke ɗorewa shi ne a ɗaura shi da abin da dole ake yi: bayan karɓar duti, bayan zagayen rabon magani, lokacin da aka fita alwala, bayan miƙa duti. Minti biyu zuwa uku sau uku ko huɗu a duti sun fi minti ashirin a ƙarshen mako. Kafin fara aiki, jiki bai ɗumama ba, gara a yi motsi mai tafiya, kamar juya kafaɗu, taka wuri ɗaya, tashi da zama daga kujera sau goma, a bar dogon riƙo sai tsakiyar duti ko ƙarshensa. Riƙon da ya wuce minti ɗaya yana iya rage ƙarfin tsoka na ɗan lokaci, abin da ba a so dab da ɗaga majinyaci. Kada kuma a riƙa fizga ko tsalle-tsalle a cikin miƙa, tsoka takan mayar da martani ta ƙara ɗaurewa.

Mai saukowa daga aikin dare zai amfana da miƙa mai laushi ta minti biyar zuwa goma kafin kwanciya, amma ba za ta rinjayi shayi mai kauri ko kofi ko goro ko lemon ƙara kuzari da aka sha da asuba ba. Sinadarin da ke cikinsu yana ɗaukar awanni kafin rabinsa ya bar jini, don haka a tsayar da su kamar awa shida kafin lokacin barci.

Kuma miƙa kaɗai rabin aiki ne. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, kamar tafiya da sauri, da ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Zirga-zirgar cikin asibiti tana gajiyarwa, amma ba ta gina ƙarfin cinya da ɗuwawu da ciki, waɗanda su ne ya kamata su ɗauki nauyi maimakon ƙashin baya. Tsuguno da tashi, da ɗaga ƙugu daga kwance a rigingine, sau 10 zuwa 12, zagaye biyu ko uku, sun isa mafari a gida.

Inda miƙa ba ta da hurumi

Ma'aikatan lafiya sun shahara da yi wa kansu magani. Diclofenac da ibuprofen suna kusa, allura ma tana kusa. Shan su kullum don a iya ƙarasa duti yana kawo gyambon ciki, yana taɓa ƙoda, yana ɗaga hawan jini, kuma yana rufe alamar da ya kamata a bincika. Tramadol ya fi haɗari, domin jiki na sabawa da shi.

A je ga likita ba tare da jinkiri ba idan ciwon baya ya zo da raunin ƙafa, ko dindiris a tsakanin cinyoyi da mazaunai, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, ko kasa yin fitsarin. Haka idan akwai zazzaɓi, rama, ko ciwon da ke tsananta da dare ko an kwanta. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya, kuma ma'aikacin asibiti yana cuɗanya da masu cutar. Sharaɓa ɗaya da ta kumbura, ta yi zafi, tana ciwo, ba a miƙa ta, ba a murza ta, domin tana iya zama gudan jini. Mai sikila da ke jin ciwo a gaɓar ƙugu yana buƙatar hoto, ba ja ba. Mai juna biyu za ta iya yin miƙa mai laushi, amma gaɓoɓinta sun riga sun saki, kada ta kai ja maƙura. Ciwon da ya wuce mako huɗu zuwa shida bai sauka ba, aikin sashen gashin ƙashi ne.

Ta ɓangaren zuciya ma akwai iyaka. Baƙin cikin da ya wuce mako biyu, rashin jin daɗin komai, firgita da maimaituwar hoton wata mutuwa a ido, ko tunanin cutar da kai, suna buƙatar ganin ƙwararren lafiyar ƙwaƙwalwa. Babu abin kunya a ciki, kuma ba miƙar wuya ce za ta ɗauke su ba.

Hujjar masu cewa hannu ne ya yi kaɗan

Waɗannan suna da alƙaluma a bayansu. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka sun binciki asibitoci 168, suka gano cewa duk ƙarin majinyaci ɗaya a hannun nas yana tafiya da ƙarin kashi 23 cikin ɗari na yiwuwar sarewarta, da ƙarin kashi 7 cikin ɗari na yiwuwar mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30. Jihar Kalifoniya ta mayar da batun doka, ta fara aiki da ita a 2004, inda a ɗakin kulawa ta musamman nas ɗaya ba ta wuce majinyata biyu.

A Najeriya hannun raguwa yake yi. A Fabrairun 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa a lokacin, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikata kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, sama da 15,000 daga ciki a 2023 kaɗai. Najeriya da Nijar da Gana duk suna cikin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya. Duk wanda ya tafi, gadajensa kan waɗanda suka rage suke komawa. Kuma a cikin masu tafiya akwai ƙwararrun da ya kamata su koya wa sababbi aiki.

Saboda haka shugabancin asibitin da ya kira taron miƙa jiki ya tsaya a nan, bai taɓa tushen ba, kuma ma'aikata za su gane. Abin da zai sa shirin ya zama na gaskiya shi ne a ware masa minti biyar zuwa goma a cikin duti, a tsara wanda zai riƙe ɗaki a lokacin, a sa ma'aikacin sashen gashin ƙashi ya koyar ya kuma dawo ya gyara kurakurai bayan 'yan makonni, kada a tilasta wa kowa. A haɗa shi da gyaran gadajen da maɗaginsu ya lalace, da kujerar zama a teburin nas, da jadawalin da ba ya jera dare da yawa a kan mutum ɗaya, da ƙa'idar cewa ba a ɗaga babban majinyaci da mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle mutum.

Abin da ya shafi majinyaci da ɗan jinya

Nas ɗin da bayanta ke ciwo takan jinkirta juya wanda ya shanye, alhali ana son a juya shi kamar kowane awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito. Wadda ba ta yi barci ba ta fi saurin kuskure a lissafin magani. Wadda ciwo ya kwantar a gida ta bar gurbi a jadawali. Lafiyar jikinta da ta majinyaci a ɗaure suke.

A asibitocinmu 'yan uwa ne ke kwana da mara lafiya, kuma suna iya rage wannan nauyi idan an nuna musu yadda ake yi. Idan za a jawo majinyaci sama a gado, a kulle tayoyin gadon, a kwantar da ɓangaren kai, a cire matashi, a sa zanen gado ninki biyu a ƙarƙashinsa daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum ɗaya a kowane gefe, a naɗe bakin zanen kusa da jikinsa a riƙe, ƙafafu a buɗe, gwiwa a ɗan lanƙwashe, baya a miƙe. Mutum ɗaya ne zai ƙirga, a zame shi tare a kan uku, a zame ba a ɗaga ba, nauyin jiki yana komawa daga ƙafar baya zuwa ta gaba. Idan majinyacin na iya lanƙwasa gwiwa ya tura da diddige, a ce ya yi. Kada a ja shi ta hammata, domin yana iya gurɗe masa kafaɗa, musamman mai shanyewar ɓarin jiki. Kada kuma a bari ya rataya hannu a wuyan mai ɗaga shi. Kafaɗa ko ƙugu zai dafa.